Matar da Ke Tahowa da Baya

Mai Gawayi 'yata,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan saƙo zai same ki lafiya, ke da maigidanki da abin da ke cikinki. Yaya nauyin jiki? Ƙafafun sun daina kumbura? Ni ma lafiya lau, sai idon nan da yake min hazo-hazo. Kar ki ga tsawon rubutu gabanki ya faɗi, ba mutuwa aka yi ba. Na san kira ba ya miki daɗi, in na kira sai mu yi ta lafiya lafiya, daga nan mu yi shiru kamar masu jiran likita. Shi ya sa na ɗora wayar a cinya ina dannawa da yatsa ɗaya. In kin ga harafi ya karkace ki gyara da kanki, ke ce mai boko.

Littafinki ya iso jiya da hantsi, direban da kika ba shi har ƙofa ya kawo min. Na girgiza shi ko 'yar takarda za ta faɗo, ba ta faɗo ba. Na ce to, littafin shi ne takardar. Ga hotonki a bango kin yi kyau kin ciko, sai dai ba ki yi murmushi ba, halin babanki sak, Allah ya jiƙansa. Shi fa ya laƙaba miki Mai Gawayi saboda ɓata mana bango da kike yi, ga shi yau gawayin ya zama littafi.

Da kike cewa aikinki zanen littafin yara, ni na ɗauka irin na kaza da agwagwa ne, a koya musu ƙirga. Ashe labari ne sukutum. Kuma ko harafi ɗaya babu a ciki, sai akwati-akwati na zane a jere. Na ce Alhamdu lillahi, wannan don irina aka yi, ni da na tsaya a aji uku. Na wanke hannu na yi bismilla na buɗe.

Bari in gaya miki abin da na gani, ki ji ko na gane.

Wata mata ce babba a tsaye bakin taga ita kaɗai. Ta sa hannu a aljihu ta fito da wani baƙin abu ɗan mitsitsi kamar ɗan mage. Ina buɗa shafi abin yana girma, ita kuma tana ƙanƙancewa. Ta koma budurwa, ta koma 'yar makaranta da jaka a baya, shi kuwa ya zama ƙaton dodo har kansa yana taɓa rufi. Ta ɗauki sanda tana dukansa ba ya ko gezau. Yana bin ta aji, yana zama a kan tabarmarta. Wallahi sai da na ce mata gudu mana, ni kaɗai a ɗaki kamar taɓaɓɓiya. Can ta zama 'yar ƙarama sosai, wata mata tana riƙe da ita a bakin wata koriyar ƙofa. Sai ga wani ɗigo daga nesa a kan hanya. Ɗigon yana matsowa, ashe mace ce. Abin da ya ba ni mamaki, da baya take tahowa, ba a ganin fuskarta. Na yi tunani na ce kunya ce, ta daɗe ba ta zo ba, ba za ta iya haɗa ido da yarinyar ba. Tun ɓullowarta kuwa dodo ya ɓace ɓat. Ta kama hannun yarinyar suka tafi gida, shafin ƙarshe ga su a zaune suna cin abinci a kwano ɗaya.

Mai Gawayi, na yi kuka har ɗankwalina ya jiƙe. Koriyar ƙofar nan ai ta gidan Mamanki ce, ƙanwata, har lanƙwasar mariƙin kin zana. Ban taɓa jin haushi don kina kiran ta Mama ni kina ce min Yaya ba. Ita ta riƙe ki tun kina shekara shida, a bakinta kika ji Yaya kika ɗauka. Amma tun da Allah ya yi mata rasuwa bara nake tunanin wa zai zauna miki in kin haihu. Da na tambaye ki kika ce kar in damu, uwar mijinki tana nan. Ashe bakinki ne bai iya faɗa ba, hannunki ya faɗa. Mace in haihuwa ta matso ƙarama take komawa, tsoro ya yi mata girma, uwarta take nema. Na ji. Zan zo, kuma da gaba zan taho ba da baya ba.

Har na sauko da jaka daga kan kabad na kaɗe ta. Na sa zannuwa huɗu masu laushi da na daɗe ina ajiya, da 'yan huluna da na saƙa ban gaya miki ba. Ke dai ki faɗi rana. Ki gaishe da maigidanki da kyau, ki riƙa ɗora ƙafa a kan matashi.

Ni ce,
Yaya


Mai Gawayi,

Sallama da fatan kina lafiya, ke da mutanen gidan. Yaya jikin? Allah ya raba lafiya.

Wancan saƙon da na aiko miki kwana uku da suka wuce, ki goge shi. Na nemi yadda zan goge daga nan, wayar ta ce lokaci ya wuce. Alamar kin karanta ta fito tun ranar, ba ki ce komai ba, ni kuwa ina ta ba ki uzuri wai gajiya ce. Yanzu na san dalili.

Kin san Malama, maƙwabciyata ta ɗakin da ke kallon famfo, mai koyarwa a firamare. Yau da ta dawo daga makaranta na tare ta tun ba ta cire takalmi ba, na ce zo ki ga aikin 'yata. Na zaunar da ita na buɗe ina yi mata bayani shafi shafi, ina nuna mata da yatsa kamar ni ce malamar. Ban kai rabi ba ta fashe da dariya har tana dafa ciki. Wai Baba, ai a juye kike riƙe da shi, wannan ba littafin addu'a ba ne da za ki faro daga dama. Wai hoton mai littafi a bayan bango ake sawa. Ta nuna min 'yan lambobi a ƙasan shafi, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, inda na faro an rubuta tamanin da takwas. Ni ina zan gan su? Kuma littafin da ba rubutu, hannuna inda ya saba tun ina yarinya can ya nufa.

Ni ma na taya ta dariya. Na ce to gyara min, 'yar boko.

Ta juya shi ta faro daga inda ya kamata. Ga uwa da 'ya suna cin abinci a kwano ɗaya. Ga su sun kama hanya. Ga koriyar ƙofa. Malama tana buɗawa dariyarta tana raguwa, da ta kai inda matar ta saki hannun yarinyar ta juya, sai dariyar ta ɗauke gaba ɗaya. Ni kuma na ga abin da ya sa ba a ganin fuskarta. Ba tahowa take ba. Tafiya take, tana ƙanƙancewa har ta zama ɗigo. Kuma a akwatin da ɗigon ya ɓace, a nan dodon ya fara leƙowa daga bayan yarinyar.

Malama ba ta san labarinmu ba, ta zo gidan nan ta same ni ni kaɗai. Da ta gama sai ta share ido ta shiga yabonki. Wai irin littafin da yara suke buƙata ke nan, ba na masu tashi sama suna naushin mugaye ba. Wai ki duba Baba, yarinyar ba ta kashe dodon ba, da ta gaji da duka sai ta ajiye sandar ta ba shi ruwa a kofi, daga nan ya fara raguwa, har ta girma tana yawo da shi a aljihu. Wai jarumta ke nan, kuma a ajinta akwai yara sun fi biyar da aka bari a hannun dangi, za ta so ta kai musu. Sannan ta ce ita dai uwar nan ce ba ta gane mata ba, ko waiwaye. Na ce mata ruwana yana kan wuta. Babu wani ruwa a wuta.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Na ƙirga, shafi huɗu matar ta samu a cikin tamanin da takwas, biyu a ciki bayanta ne. Yara a ko'ina za su buɗe su ga bayana. Da kin kira ni kin zage ni tas da ya fi min sauƙi, aƙalla mu biyu ne. Kuma ni da bakina na rubuto miki wai na gane, wai zan zo. Ina tuna kina karanta wannan shirmen sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Jakar na tura ta ƙarƙashin gado. Ba sai kin amsa wannan ba. Ki kula da kanki, ki riƙa shan maganin da suka ba ki a kan lokaci.

Yaya


'Yata Mai Gawayi,

Assalamu alaikum. Ina kwananki, ina gajiya? Yaya maigidanki da aiki, yaya surukarki? Da lissafina kin shiga wata na tara. Allah ya sauke ki lafiya, ya ba ki mai albarka.

Sati biyu ke nan. Ba ƙorafi na zo yi ba. Fushin da na yi a wancan saƙon ya sauka tun kwana na biyu, ya bar ni da ɗaki. Kin san gidan nan da safe, yara sun tafi makaranta, manya sun tafi nema, ba ka jin komai sai ɗigar famfo da rediyon mai gyaran takalmi daga waje. In na share ɗaki na wanke kofina guda ɗaya, aiki ya ƙare sai kuma azahar. To a wannan tsakanin nake ɗauko littafinki. Yanzu daga hagu nake farawa. Na ari gilashin Malama na karatu, na ce mata zare zan zura a allura.

Da gilashi na ga abubuwan da ban gani ba. Duk inda yarinyar ta kwanta, tana matsawa jikin bango ta bar rabin tabarma. Ni da na ɗauka don dodon ta bari. A'a, shi ya zo ya samu wuri ne kawai. Kuma ko a aji take, ko a wajen wasa, akwai 'yar kusurwa da kika zana ƙofar nan, ba a rufe ruf ba. Na bi na duba, har shafi na hamsin da ɗaya a buɗe take. A na hamsin da biyu an rufe. Na daɗe a kan wannan shafin, har shayina ya yi sanyi ƙuda ya faɗa.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, Mamanki ma ta rufa min asiri har ta koma ga Allah. Abin da kika sani shi ne bayan rasuwar babanki na samu aikin wanki a asibiti a wani gari mai nisa, ɗakin ma'aikata ba a zama da yara, shi ya sa na kai ki wajenta. Wannan gaskiya ne. In an tambaye ni haka nake faɗa, mutane su ce sannu, kin yi ƙoƙari, kin sadaukar. Na saba jin haka har na yarda.

Amma a shekara ta biyu na samu ɗaki a cikin gari, da taga, da makaranta a bayan layi. Na sayi 'yar katifa. Na zo ɗaukar ki. Kina tsakar gida kina zane a ƙasa da tsinke, kika ɗago kika gan ni, kika tashi da gudu kika shige bayan Mamanki kika riƙe zaninta. Ta ce ke, ba ki ga Yaya ba? Kika leƙo da ido ɗaya kika ce ina wuni Yaya, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa. Mamanki ta ce in kwana uku ki sake sabawa da ni, yaro ne, fushi ne, zai wuce. Ni kuwa kwana ɗaya na yi. Da safe kina makaranta na ɗauki jakata. Na ce mata kin fi jin daɗi a nan, kar a tayar miki da hankali. Ƙarya nake. Tsoro na ji. Na ji tsoron in kai ki ɗakin nan ki yi ta kallona da ido ɗaya, ki yi ta kukan wata uwar a gabana. 'Yar shekara takwas ta ɓuya a bayan zani, ni mai shekara talatin na gudu. Sauran shekara biyar ɗin da kika ƙara a hannun Mamanki ba aiki ne ya riƙe ni ba, ni ce. Da sallah ma sai in karɓi aikin wasu don in samu abin faɗa.

To kin ga ba ki yi min ƙarya a littafin ba. Ragi ma kika yi min, sau ɗaya kika zana tafiyar, alhali sau biyu ce.

Ni ma ina da nawa baƙin abin, in kina son sani. A ɗakin wanki yake zama a kan tulin zannuwan gado. In aka kawo na ɓangaren yara, 'yan ƙanana masu zanen tauraro, sai in ce wa abokiyar aikina ta ɗauka ni in yi na manya, ko da na jini ne. Ita ta ɗauka kirki ne. Katifar nan kuwa ban taɓa cire mata leda ba, da zan bar garin na ba mai gadi. Ni ban yi dukan nawa ba, ban kuma ba shi ruwa ba, yi na yi kamar ban gan shi ba, ga shi nan har yau mu biyu a ɗaki, ya ci rabin gado. Ke kina yarinya kika san dabarar da ni da furfura ban sani ba. Malama ta yi gaskiya a kan wace ce jarumar. Na ba ta littafin ranar Talata ta kai ajinta, ta ce wata yarinya da ba ta taɓa magana ba ta tambaya ko za a bar ta ta je gida da shi. Na gaya wa Malama ko wace ce matar. Sai ta wanke min bokitina ta cika shi da ruwa.

Ban rubuto don ki ce in zo ba. Surukarki mutuniyar kirki ce, za ta riƙe ki da kyau. Na ga dai bai kamata ki zama uwa kina riƙe da rabin labarin taki uwar ba. In an haihu a sa maigidanki ya turo min ko hoton ƙafa ne.

Ki yafe min in kin iya. In ba ki iya ba yanzu, ba komai, ba gaggawa.

Yaya


Mai Gawayi 'yata,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonki jiya bayan la'asar ina tsakar shanya, sai da na zauna a kan bokiti kafin na buɗe. Yaya jikin, yaya ciwon bayan? In ya matsa ki riƙa kwanciya ta hagu da matashi tsakanin ƙafafu. Ina gaida maigidanki da surukarki.

Layi huɗu kika rubuto, na haddace su. Kin ce kin tuna ranar, ba tsoro ne ya sa kika ɓuya ba, so kike in zagayo in kamo ki. Kin ce ba ki shirya magana a kai ba tukuna, kar in tayar in na zo. Kin ce surukarki za ta zauna sati biyun farko, bayan nan in zo in yi kwana goma. Sannan kin ce a hawa na uku kuke, babu lif, in yi shawara da ƙafafuna.

Layin farko ba zan ce komai a kai ba, tunda kin hana. Na dai shiga ɗaki na rufe ƙofa, shanyar sai Malama ce ta kwashe min.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na so a ce ni ce a bakin ƙofar ɗakin haihuwa, ni zan fara karɓa in yi wanka na farko. Wata za ta yi. Na ji zafin wannan, na kuma san ba ni da bakin magana. Kwana goma kika ce, goma zan yi, ranar sha ɗaya da safe ba sai kin nuna min hanya ba. Ba zan gyara miki kicin ba, ba zan ce haka ake riƙe jariri ba sai kin tambaya. Wanki dai ki bar min, wannan ko likita bai isa ya koya min ba.

Maganar ƙafafu kuwa, mun yi shawarar, sun ce ba su yarda ba. Rabona da hawa bene tun ina aiki a asibiti, gwiwar dama in na taka dakalin masallaci ma sai ta yi ƙara. Shi ne yau da safe na je dogon ginin nan na bakin kasuwa, mai shagunan waya a ƙasa da masu ɗinki a sama. Na kama ƙarfe na fara hawa. Mai gadin ya biyo ni wai Hajiya wa kike nema, ɗinki za ki karɓa? Na ce ba kowa, hawa na zo yi. Ya dube ni sama da ƙasa, wai hawa kawai? Na ce hawa kawai, jika zan je gani. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, in kin faɗo dai ba a aikina ba. Amma sai ga shi ya ɗauko kujerarsa ya ajiye min a kwanar hawa na ɗaya.

Na kai na biyu da ƙyar, na zauna a kan matakala ina haki, 'yan mata masu ɗinki suna tsallake ni suna sannu Baba. Saukowa ta fi wuya, da zama na sauko rabi. Gobe zan koma, da jibi. Mai gadin ya ce sati mai zuwa in zo da jaka a hannu, tunda can ma ba hannu rabbana zan hau ba. Yana da hankali.

Abu ɗaya nake roƙo. Benaye ba ɗaya ba ne, na kasuwar nan matakala goma sha ɗaya ce kowane hawa, ban san naku ba. A ƙirgo min tun daga ƙasa har bakin ƙofarku, kar in zo in tsaya a hanya. Maigidanki za ki sa, ke kar ki sauka.

Allah ya sauke ki lafiya.

Ni ce,
Yaya